ZAUREN ANTI: Garin Neman Gira...

Wasiƙunku sun iso, na kuma karanta su ɗaya bayan ɗaya. Masu tambaya a kan haɗin lalle da gyaran gashi ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, don yau da wata magana na zo wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a cikin gidanmu ta faru.

Duk wadda ta saba karatun littattafan soyayya ta san ba a kaiwa shafi na uku sai an siffanta mana tauraruwar labari: doguwa ce, gashi har gadon baya, ga dara-daran idanu farare tas kamar madara. Mu kuwa da muka tashi da irin wannan karatu, sai kowacce ta ɗauki madubi tana duba nata. To 'yar uwa, a kan wannan farin idon ne 'yar Yayata ta kusa rasa ganinta.

Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakin Yaya, can garinmu Malikanci. Tun tana firamare take fama da ƙaiƙayin ido. Da zarar ƙurar hunturu ta taso, ko zafin bazara ya kankama, sai ki ganta tana murza ido kamar za ta ƙwaƙule shi, ga ruwa, ga kwantsa mai yauƙi da safe. A hankali farin idonta ya rine ya koma kalar ruwan shayi. Yara suka sa ta a gaba da tsokana, manya kuma in ta gaishe su sai su ce, "Ke kuwa kuka kika yi ne?" Kin san budurwa, da ta shiga babbar sakandare abin ya fara damunta fiye da ƙaiƙayin kansa.

Ana nan sai aka yi wani biki a Hunkuyi. A ɗakin da 'yan mata ke kwalliya wata ƙawarta ta zaro 'yar ƙaramar kwalba daga jaka ta ce, "Ke har yanzu ba ki waye ba? Ɗiga wannan ki sha mamaki." Wallahi kwana uku ba su cika ba ƙaiƙayi ya ɗauke ɗif, ido ya washe. Da ta ƙare sai ta ɗauki kwalbar ta kai wani kemis, aka ba ta irinta, ba takardar likita, ba a ko tambaye ta me ke damunta ba. In ta daina kwana biyu sai ƙaiƙayin ya dawo har ya fi na da, sai ta koma ta sayo. A haka, safe da yamma, ta kusa shekara biyu.

A nan zan faɗi laifina, don kada ku ce Anti ta wanke kanta. Na je gida da ƙaramar Sallah ta 2023, Auta ta kawo mini ruwa, na dube ta na ce, "Kai, 'yar nan, wane irin kwalli kike sawa haka? Idonki ya yi kyau!" Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ban tambaya ba, ban bincika ba, yabawa ma na yi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A lokacin ta yi saurayi, yaron kirki, yana sarin rake daga Makarfi yana kaiwa Kano. Shi ma in ya zo zance ba abin da yake yabo kamar idanun. To ina Auta za ta yarda ta ajiye kwalba?

Da aka zo sa rana na sake zuwa, na yi kwana biyar, a nan na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai. Auta za ta fito daga ɗaki ta yi karo da turmi yana ajiye a gefenta. Ta yi fatali da bokitin ruwa har sau biyu a yini ɗaya. Yaya sai faɗa take yi, "Rawar kai ce kawai, soyayya ta ɗauke mata hankali." Ni ma da farko dariya na yi. Amma ran nan muna zaune a tabarma na miƙa mata kofi ta hannun damanta, na daɗe riƙe da shi, yarinya ba ta san ina yi ba sai da na yi magana ta juyo gaba ɗaya. Da dare na ja ta ɗaki na ce, "Auta, tsakaninki da Allah, kina gani sosai?" Sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Anti, in na kalli fitila sai in ga wani zobe kamar bakan gizo ya kewaye ta. Kuma ranar da na je Ikara saura kaɗan mai babur ya kwashe ni, wallahi ban ga tahowarsa ba." Na ce ta kawo mini duk abin da take sawa a ido. Ta buɗe jakar kwalliya, na ƙirga kwalabe bakwai da suka ƙare, ban da waɗanda ta zubar.

Washegari da sassafe muka kama hanyar asibitin ido. Likitar mace ce, ta zaunar da Auta gaban wata na'ura mai fitila, ta duba, ta auna, ta sake aunawa. Sannan ta karɓi kwalbar ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, wa ya rubuta mata wannan?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Tun yaushe?" Da Auta ta faɗa, sai likita ta ajiye biro ta yi shiru. Ta ce ƙarfin ruwan idon mai lafiya daga 10 zuwa 21 yake a ma'auninsu, na Auta kuwa idon dama ya haura 40, na hagu ya haura 30. Hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma, kuma maganin nan ne ya jawo shi.

Bari in tsaya nan in yi muku bayanin maganin kamar yadda aka yi mana, da abin da na ƙara bincikowa daga baya, don ilimi shi ne abin da na ce kullum za mu riƙa tashi da shi daga wannan zaure.

Sunan dangin maganin sitiroyid. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi, wato ja da zafi da ƙaiƙayin da jiki ke tayarwa in yana faɗa da wani abu. Kada ku ɗauka guba ce. A 1948 wani likita a Amurka mai suna Philip Hench ya fara gwada kakan waɗannan magunguna, kotizon, a kan wata mata mai ciwon gaɓoɓi da ta kasa tashi, cikin 'yan kwanaki ta miƙe. A 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da wasu masu bincike biyu. Ba a daɗe ba likitocin ido suka fara amfani da shi, kuma har gobe yana ceton idanu ba adadi. Wanda aka yi wa aikin yanar ido, da shi ake kwantar masa da kumburi. Akwai wani kumburi na can cikin ido mai sa mutum ya kasa kallon haske, in ba a ba shi wannan magani da wuri ba ido na iya lalacewa. Ko irin ƙaiƙayin Auta, in ya yi tsanani, likita kan rubuta shi na ɗan gajeren lokaci yana bibiya. Maganin nan kamar wuta yake. A murhu ta dafa miki tuwo, in ta kama jinka kuwa sai dai a yi jaje.

To ta yaya yake ɓarna? Ta hanya uku.

Ta farko ita ce ta Auta. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, daban da hawaye, wanda ido ke samarwa dare da rana, yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar rariya mai ƙananan ƙofofi. Sitiroyid in ya daɗe sai ya sa rariyar ta toshe. Ruwa na shiga, ba ya fita yadda ya kamata, sai ya matse jijiyar gani da ke bayan ido. Jijiyar nan zare-zare ce sama da miliyan ɗaya a kowane ido, kuma duk zaren da ya mutu ya mutu ke nan, ba magani, ba aiki, ba tabarau da zai dawo da shi. Abin tsoron shi ne yawanci ba ya ciwo. Ta gefe yake fara cin gani, tsakiya na nan garau, kina karanta saƙon waya lafiya lau, ba ki san ana yi miki sata ba. Binciken da wasu likitoci biyu, Armaly da Becker, suka yi a Amurka a shekarun 1960 ya nuna cewa in aka ɗiga wa mutane irin wannan magani na mako huɗu zuwa shida, kusan mutum ɗaya cikin uku ƙarfin ruwan idonsa zai ɗaga, kamar biyar cikin ɗari kuma nasu zai yi mummunan tashi. Mako shida fa, 'yar uwa, ba shekara biyu ba! Yara ƙanana sun fi saurin kamuwa, haka wadda ake da hawan jinin ido a danginsu. Kuma ba mai iya duban fuskarki ya ce ke kina ciki ko ba kya ciki, sai an auna.

Ta biyu, yanar ido. Mun saba ganinta a idon kakanni, amma daɗewa a kan sitiroyid na iya kawo ta ga yarinya 'yar shekara 18. Ita dai da sauƙi tunda ana yin aiki a cire, amma wa ke son wuƙa a idonsa kan abin da bai kai ya kawo ba?

Ta uku ta fi shafar mu mutanen karkara. Maganin nan yana kwantar da sojojin jiki ne. In jan idon naki ƙwayar cuta ce ta kawo shi, kin ga kin ɗaure mai gadi kin bar ɓarawo ke nan. A ƙasarmu ta Makarfi da Kudan, wa bai san kaifin ganyen rake ba? Ga karan dawa, ga ƙaiƙayin da ke tashi ranar sussuka da shiƙa. In ɗayansu ya karci baƙin ido yakan shigar da wata cuta dangin fumfuna. A ɗiga sitiroyid a kai, ja zai ragu kwana biyu, a yi ta murna, alhali gyambo na ci a ƙarƙashi. Ƙarshenta hakiya, wani lokaci ma idon ya fashe. Haka wata ƙwayar cuta 'yar uwar mai kawo ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, in ta kama baƙin ido, maganin nan taki ne a wurinta. Shi ya sa likita ba ya rubuta shi sai ya ɗiga wani ruwa mai launin rawaya ya haska fitila ya tabbatar ba rauni.

Sai kuma apolo, wadda da ta shigo makaranta sai ta zagaye aji. A ƙasar Gana ta fara ɓarkewa a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, shi ya sa aka laƙa mata sunan. Yawanci da kanta take warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da take so tsabta ce: wanke hannu, kowa da tsummansa da kwallinsa. Ba ta bukatar kwalbar ƙawa, balle ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko nonon mai jego, ko fitsari da wasu ke sawa, wa'iyazubillahi.

Kada ku ce Anti ta cika tsoratarwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan mutane masu shekara 40 zuwa sama, ya gano yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, da kashi 43 cikin ɗari, hawan jinin ido na biye mata da kusan kashi 17. Ciwon da dama yake nan yana jiran mutane a tsufa, don me za mu saye shi da kuɗinmu tun muna 'yan mata?

Mu koma kan Auta. Likita ba ta ce ta yar da kwalbar nan take ba, don ido ya riga ya saba, in aka yanke lokaci ɗaya kumburin na iya dawowa da ƙarfi. Sai ta tsara mata yadda za ta riƙa ragewa, ta ba ta maganin saukar da ƙarfin ruwan ido, da wani na ƙaiƙayi wanda ba sitiroyid a cikinsa. Muka yi ta zarya. Alhamdu lillahi ƙarfin ya sauka. Idon hagu ya tsira da ɗan abin da ba a rasa ba. Na dama kuwa, in ta rufe ɗayan, ta ce kamar mai leƙe ta cikin bututu take gani, kuma haka zai zauna. Jarrabawar fita sakandare ta wuce ta a shekarar, sai ta gaba ta zauna.

Maganar aure fa? Nan ma an sha fama. Labari ya riga mu isa Makarfi, har an ƙara masa gishiri wai Auta ta makance. Dangin yaro suka fara ja da baya. Yaya ta ce a ɓoye, a ce ciwon kai ne. Auta ta ce, "A'a Umma, ɓoye-ɓoye ne ya kai ni nan." Da ya zo zance ta fita da takardun asibiti ta faɗa masa komai, har da cewa yabon da yake wa idanunta na cikin abin da ya hana ta dainawa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ta ranar komawarta asibiti. Ranar da shi aka je. An ɗaga biki wata shida, amma an yi, tana ɗakinta yanzu. Farin idonta ya koma kalarsa ta da, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

To ƙannena, ga abin da nake so kowacce ta ƙulle a bakin zaninta:

1. Yau ɗin nan ki duba duk maganin ido da ke gidanku. In kin ga an rubuta Dexamethasone, ko Betamethasone, ko Prednisolone, ko Hydrocortisone, ko Fluorometholone a jikin kwali, sitiroyid ne. Da yawa ana haɗa su da maganin kashe ƙwayar cuta a kwalba ɗaya, don haka ki karanta har ƙananan rubutun.

2. In ba likitan ido ne ya duba ki ya rubuta miki ba, kada ki ɗiga. Na ƙawa nata ne, na Kaka da aka yi wa aiki na Kaka ne. Ja iri ɗaya ne a ido, amma ciwo daban-daban.

3. In kin riga kin daɗe kina sawa, kada kunya ko tsoron faɗa su hana ki. Ki faɗa wa Umma ko yayarki, ki ɗauki kwalbar ku tafi asibiti, ki ce a auna miki ƙarfin ruwan ido. Awon minti kaɗan ne, kuma ba zafi.

4. In likita ne ya rubuta miki, ki sa ba fargaba, amma yadda ya ce, na kwanakin da ya ce, ki kuma koma ranar da ya ce ko da kin ji garau. Ki wanke hannu, ki girgiza kwalbar in mai farin ruwa ce, ɗigo ɗaya ya isa, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Ki rufe ido ki danne lungun da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. Kwalbar da ta yi mako huɗu da buɗewa a yar da ita.

5. Mai ƙaiƙayi irin na Auta ta daina murza ido, don murzar na ƙara rina shi. Ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ki ɗora, ki kauce wa ƙura da hayaƙin murhu gwargwadon iko. Akwai magungunan ƙaiƙayi da ba su da wannan haɗari, likita zai zaɓa miki. Da yawa ma ciwon na lafawa da kansa in an girma.

6. In da zafi mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ba kya iya kallon haske, ko wani fari ya fito a baƙin ido, ko wani abu ya soke ki a gona, wannan ba na jira ba ne, ranar za a tafi.

7. Masu shafe-shafen man ƙara haske, ku sani da yawansu akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, kuma shafa shi kullum a fatar ido da kewayenta na iya yin irin wannan ɓarnar. Wannan zance ne na wata rana, zan dawo kansa.

Wurin zuwa kuwa Allah ya hore mana. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ku ki nemi ɓangaren ido. In abin ya fi ƙarfinsu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano da ke aiki tun 1943. Na san za a ce kuɗin mota. Na zauna na lissafa abin da Auta ta kashe a kan kwalabe cikin shekara biyu, ya isa ya kai ta Zariya ya dawo da ita ba sau ɗaya ba.

Ku kuma iyaye da yayye masu leƙa mana zaure, ku ɗauki darasi daga kaina. In kin ga idon 'yarki ya canza dare ɗaya, kafin ki yaba ki tambaya.

Masu iya magana sun ce garin neman gira a rasa ido, sun kuma ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Auta da kanta ta ce in rubuta, ta ce, "Anti, ki faɗa musu, ko mutum ɗaya ce ta ajiye kwalbar nan na ji daɗi." Wadda ta karanta ta karanta wa ƙawarta, a kai labari makarantun kwana da islamiyyu da ɗakunan amare.

Allah ya kare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba kowacce miji nagari mai son ta don Allah. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti.